Haifaffun Faransa da har yanzu ake yi wa kallon baƙi

A watan Satumba na shekarar 2023 aiki ya kai ni Faransa na tsawon wata uku, kuma maimakon in kama ɗaki a otal sai na sauka a gidan kawuna da ke Saint-Denis, wani gari da ke manne da birnin Paris ta arewa. Kawu ya bar Damagaram tun farkon shekarun 1980 da niyyar yin karatu ya koma gida, sai zama ya miƙe, ya samu aiki, ya ɗauko matarsa daga gida, Allah ya ba su 'ya'ya huɗu waɗanda duk a can aka yanke musu cibi. Na isa ne a makon da aka koma makaranta, daidai lokacin da ministan ilimi na wancan zamani, Gabriel Attal, ya hana 'yan mata shiga makarantun gwamnati da abaya, kuma duk tashar talabijin da mutum ya kunna maganar ke nan ake yi, kamar ƙasar ba ta da wata damuwa da ta wuce tsawon rigar yarinya 'yar shekara 15.

Wata rana bayan sallar isha'i muna zaune a falo, na tambayi Kawu ko yana jin an mayar da Musulmi saniyar ware a ƙasar. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗana, shekara 40 ke nan ina zaune a nan, ba wanda ya taɓa hana ni salla ko azumi. Na kwanta asibiti an duba ni kamar kowa, 'ya'yana sun yi karatu ban sayar da komai nawa ba. Wanda ya zo gidan mutane ya ci ya ƙoshi, ba ya tashi ya ce miya ba ta ji gishiri ba." Babbar 'yarsa, wadda ke aikin akanta a wani kamfani a tsakiyar Paris, tana tattara kwanoni, sai ta tsaya ta ce, "Baba, kai ne ka zo gidan mutane. Mu nan ne gidanmu." Ta juyo gare ni ta ce, "Yaya, kullum da safe a cikin lifta nake cire ɗankwalina in sa a jaka, da yamma kuma a cikin liftar nake mayar da shi. Ba wanda ya rubuto mini takarda cewa in cire, amma na ga abin da ya samu wadda ba ta cire ba."

Na daɗe ina juya waɗannan amsoshi biyu da suka fito daga ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma abin da na tsaya a kai shi ne, ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, mudun da kowa yake awo da shi ne ya bambanta. Kawu yana auna zamansa da abin da ya baro, shi ya sa yake ganin alheri ko'ina. 'Yarsa kuwa tana auna nata da na yarinyar da suka zauna benci ɗaya a makaranta, suka ci jarrabawa ɗaya, suke riƙe da fasfo iri ɗaya, shi ya sa take ganin inda aka rage mata. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Raɓa ba ta jayayya da kowa, domin ta san rana na fitowa za ta tafi. Ƙorafin da ake ji daga matasan Musulmin Faransa ƙorafin kaba ne, na wanda ba shi da wurin zuwa kuma ba ya nufin zuwa ko'ina, kuma ina ganin mafi yawan masu sharhi a can da nan suna kuskuren fassara shi da ƙin jinin ƙasar.

Wahalar farko da mai son gane gaskiyar lamarin zai ci karo da ita ita ce, Faransa ba ta ƙirga 'ya'yanta bisa addini. Tun 1872 ba a sake tambayar mutum addininsa a ƙidayar jama'a ba, kuma wata doka ta 1978 ta tsaurara sharuɗɗan tattara bayanai a kan asali da addini. Dalilin ba abin raini ba ne, domin suna cewa Jamhuriya ba ta san Bayahude ko Kirista ko Musulmi ba, ɗan ƙasa kawai ta sani, kuma ba su manta yadda aka yi amfani da jerin sunayen Yahudawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ba. Sai dai likitan da ya rantse ba zai auna zazzaɓi ba yana iya cewa kowa lafiya ƙalau yake. Abin da ake da shi sai binciken masana. Wanda hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta gudanar tare da cibiyar nazarin yawan jama'a a 2019 zuwa 2020 ya nuna cewa a cikin masu shekara 18 zuwa 59, kashi 10 cikin 100 ne ke kiran kansu Musulmi, kashi 29 Katolika, kashi 51 kuma sun ce ba su da addini. Amma a 2016, da kamfanin Ipsos ya tambayi Faransawa su kimanta yawan Musulmin ƙasarsu, matsakaicin amsarsu kashi 31 ne, a lokacin da ake ƙiyasta adadin gaskiya da kashi 7.5. Wanda aka ninka yawansa har sau huɗu a zukatan maƙwabtansa ya riga ya zama abin tsoro tun kafin ya buɗe baki.

Na yi sallar Juma'a sau biyu a Babban Masallacin Paris, mai koren rufi da doguwar hasumiya irin ta Arewacin Afirka. An buɗe shi a 1926, kuma gwamnatin Faransa da kanta ta sa kuɗi a gininsa, don godiya ga dubban sojoji Musulmi na ƙasashen da take mulka waɗanda suka mutu suna kare ta a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sojojin da ake kira na Senegal ba 'yan Senegal kaɗai ba ne, daga duk faɗin Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa aka kwaso su, har da ƙasar Nijar ta yau. Waɗanda suka dawo daga yaƙi na biyu suka nemi haƙƙinsu a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, a ranar 1 ga Disamba 1944, da harsashi aka amsa musu, kuma bayan samun 'yancin kai aka daskarar da fanshon sauran, suna karɓar ɗan abin da bai kai na takwarorinsu Turawa ba. Na kawo wannan ne domin matasan da na zauna da su sun san shi sarai, kuma idan wani ɗan siyasa ya fito ya ce su gode wa Faransa, abin da ke zuwa musu a rai shi ne an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

Bayan yaƙin ne aka shiga kwaso ma'aikata daga Aljeriya da Maroko da Tunisiya, da kuma Mali da Senegal, don masana'antun motoci irin su Renault da Peugeot da Citroën, da ramukan kwal na arewa, da aikin gine-gine. Wasu sun zauna a unguwannin kwano da katako kamar ta Nanterre, wasu a gidajen kwanan gwagware, kowa na tunanin shekara biyar zai yi ya koma. A cikin wannan zamani ne, ranar 17 ga Oktoba 1961, 'yan sandan Paris a ƙarƙashin Maurice Papon suka kashe Aljeriyawa masu zanga-zanga da dama, aka jefa gawawwakin wasu a kogin Seine, kuma sai a 2012 wani shugaban ƙasa, François Hollande, ya amsa a hukumance cewa abin ya faru. A 1974 aka rufe ƙofar shigo da sababbin ma'aikata, a 1976 aka tabbatar wa waɗanda ke ciki damar kawo iyalansu. Matan da 'ya'yan suka iso, aka zuba su a dogayen benayen bayan gari, sai kuma masana'antun da suka kawo ubannin suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yan suka tashi a unguwar da aikin da ya kafa ta ya mutu.

Abin da mutane da yawa suka manta shi ne, farkon tashin waɗannan 'ya'ya bai shafi addini ba ko kaɗan. A 1983 wasu matasa daga wata unguwa a bayan garin Lyon, tare da wani limamin Katolika mai suna Christian Delorme, suka fara tattaki daga Marseille a watan Oktoba, suka isa Paris ranar 3 ga Disamba, inda kimanin mutum 100,000 suka tarye su, har Shugaba François Mitterrand ya karɓi wakilansu a fadarsa. Daidaito suke nema, da a daina kashe su a banza, da takardar zama mai tsawo ga iyayensu. A lokacin Larabawa ake kiransu, ko 'ya'yan baƙi. Sai daga baya sunan ya koma Musulmi, kuma ina zargin cewa da yawa daga cikinsu sun ƙara riƙe addinin ne bayan da suka ga ƙofar da suka ƙwanƙwasa da sunan 'yan ƙasa ta ƙi buɗuwa.

A nan ne maganar layisite ke shigowa, wato aƙidar raba addini da gwamnati, wadda Bafaranshe ke riƙe da ita kamar yadda muke riƙe da abin gado. Dokar da ta kafa ta an yi ta ne ranar 9 ga Disamba 1905, kuma ba don Musulmi aka yi ta ba, an yi ta ne don karya ƙarfin Cocin Katolika a kan makarantu da siyasa. Na karanta ta, kuma dole in faɗi gaskiya, doka ce mai kyau. Sashenta na farko ya ce Jamhuriya ta lamunce wa kowa 'yancin imani da yin ibada, na biyu ya ce gwamnati ba ta ɗaukar wani addini nata, ba ta biyan malamansa albashi, ba ta ba shi tallafi. Nauyin zama ba ɓangare a kan gwamnati da ma'aikatanta aka ɗora shi, ba a kan talaka ba. Ko a 1989, da aka kori 'yan mata uku daga wata makaranta a garin Creil saboda lulluɓi, babbar kotun harkokin gwamnati ta ba da ra'ayin cewa sa alamar addini shi kaɗai bai saɓa wa layisite ba.

Daga nan ne aka fara juya nauyin a hankali, ana sauke shi daga kan hukuma ana ɗora wa mace Musulma. A 2004 aka yi dokar hana alamomin addini masu fitowa fili a makarantun gwamnati, wadda a rubuce ta shafi hular Yahudawa da babban gicciye, amma kowa ya san ɗankwali aka nufa. A 2010 aka hana rufe fuska a bainar jama'a, da tarar Yuro 150, alhali matan da ke sa niƙabi a duk ƙasar an ƙiyasta ba su wuce 2,000 ba. A 2016 wasu magadan gari na bakin teku suka hana rigar wanka mai rufe jiki, sai da kotu ta taka musu burki. A 2023 aka zo kan abaya, kuma a ranar farko ta komawa makaranta, cikin ɗalibai kusan miliyan 12, ministan da kansa ya ce 'yan mata 298 ne suka zo da ita, 67 suka ƙi cirewa aka mayar da su gida. A gasar Olamfik ta 2024, wadda aka yi babban ɓangarenta a Saint-Denis ɗin nan, 'yan wasan sauran ƙasashe sun yi gasa da hijabinsu, amma 'yan wasan mai masaukin baƙi an hana su. Kowace doka idan aka ɗauke ta ita kaɗai tana da hujjar da za a iya saurara, kuma akwai mata Musulmi da na ji suna goyon bayan ta 2004, suna cewa ta kare su daga matsin 'yan'uwansu maza. Amma yarinyar da aka haifa a 1989 ta kai shekara 35 ba ta taɓa ganin wasu 'yan shekaru a jere da ba a tattauna kanta da rigarta a majalisa ba, kuma da wuya a gamsar da ita cewa duk wannan bai shafe ta ba.

Abin da ya fi ƙona wa 'yar Kawu rai shi ne yadda layisite ɗin ke da ido ɗaya. Daga cikin ranakun hutu 11 na ƙasar, 6 bukukuwan Kirista ne, babu na Sallah ko ɗaya. Majami'un da aka gina kafin 1905 mallakar gwamnati da ƙananan hukumomi ne, da kuɗin haraji ake gyara su. A yankin Alsace da Moselle, wanda yake hannun Jamus lokacin da aka yi dokar, har gobe gwamnati ce ke biyan limaman Katolika da fastoci da malaman Yahudawa albashi, ban da limaman Musulmi. Musulmi kuwa, da yake sun zo bayan an rufe littafi, dole su gina masallatansu da aljihunsu, kuma mafi yawansu 'ya'yan leburori ne. In sun karɓi gudummawa daga Maroko ko Aljeriya ko Turkiyya ko ƙasashen Larabawa, a ce baƙi na juya su. In ba su karɓa ba, ɗakin sallar ya yi kaɗan, sahu ya fito titi ranar Juma'a, sai a samu irin 'yar siyasar nan Marine Le Pen, wadda a 2010 ta kwatanta sallar titi da mamayar ƙasa. Gaba kura, baya sayaki. Le Pen ɗin nan kuwa ba 'yar gefe ba ce, domin a zagaye na biyu na zaɓen 2022 ta samu sama da kashi 41 na ƙuri'u, bayan ta yi alkawarin hana hijabi har a kan titi.

Da na gaya wa wani abokin aikina Bafaranshe waɗannan abubuwa, mutumin kirki ne kuwa, sai ya ce matsalar ta talauci ce da launin fata, addini ba shi da hannu a ciki. Akwai gaskiya a maganarsa, domin lardin Seine-Saint-Denis, inda garin su Kawu yake, shi ne mafi talauci a babban yankin Faransa, kuma wani rahoton majalisa na 2018 ya nuna cewa gwamnati na ba shi ƙarancin malamai da alƙalai da 'yan sanda idan aka kwatanta da sauran wurare. Amma akwai binciken da ya raba zare da abawa. Wasu masana uku, Claire Adida da David Laitin da Marie-Anne Valfort, sun aika wa kamfanoni takardun neman aiki masu ilimi da gogewa iri ɗaya, da sunan iyali ɗaya na Senegal, wato Diouf, abin da ya bambanta kawai shi ne ɗaya Marie ce mai alamun Kirista, ɗaya Khadija mai alamun Musulma. Asali ɗaya, launi ɗaya, takardu ɗaya. Sakamakon da suka wallafa a 2010 ya nuna an fi kiran Marie zuwa ganawa da ninki biyu da rabi. A wani binciken da Valfort ta sake yi a 2015, namiji Musulmi mai riƙo da addini sai ya aika takardu ninki huɗu na Katolika kafin a kira shi. Ba alƙalin da zai kama kowa a kan wannan, domin ba a ce wa Khadija komai ba, wayarta ce kawai ba ta yi ƙara ba.

Samari kuwa tasu ta 'yan sanda ce. Hukumar kare haƙƙin jama'a ta ƙasar ta bayyana a 2017 cewa saurayin da ake ganin baƙar fata ne ko Balarabe ya fi sauran jama'a yiwuwar a tsayar da shi a nemi katin shaidarsa har ninki 20. Ƙaramin ɗan Kawu ba ya fita ko sayen burodi sai da katinsa a aljihu, kuma ya ce mini ya daina ƙirga sau nawa aka jingina shi da bango a tashar jirgin ƙasa. Gudun irin wannan bincike ne ya sa Zyed Benna da Bouna Traoré suka ɓuya a tashar wutar lantarki a Clichy-sous-Bois ranar 27 ga Oktoba 2005, wuta ta kashe su, unguwanni suka kama da tarzoma har mako uku, gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci da wata doka ta 1955 da aka yi saboda yaƙin Aljeriya. A watan Yunin 2023, kimanin wata biyu kafin isowata, ɗan sanda ya harbe Nahel Merzouk mai shekara 17 a Nanterre, aka sake komawa gidan jiya. Ba ɗan adawa ba ne ya ce akwai wariya ta yanki da ta zamantakewa da ta ƙabila a Faransa, har ya yi amfani da kalmar da aka san Afirka ta Kudu da ita, wato apartheid, firayim minista ne mai ci, Manuel Valls, a watan Janairun 2015.

Ba zan yi adalci ba idan na tsallake dalilin tsoron ɗaya ɓangaren. An kashe mutum 12 a harin jaridar Charlie Hebdo a Janairun 2015, an kashe 130 a Paris ranar 13 ga Nuwamba na wannan shekara, an kashe 86 a Nice ranar 14 ga Yulin 2016, an yanka malamin makaranta Samuel Paty a Oktoban 2020, kuma ina can a Oktoban 2023 aka sake kashe wani malami a garin Arras. Masu wannan ta'asa da sunan Musulunci suka yi ta, da yawansu kuma a Faransa ko Beljiyam aka haife su. Mu da muka ga abin da Boko Haram ta yi a Borno da Diffa ba ma buƙatar a koya mana yadda tsoro ke sauya mutane. Abin da ke ciwo shi ne kuɗin goron da ake yi. Ɗan sandan da aka harbe a bakin titi ranar harin Charlie Hebdo, Ahmed Merabet, Musulmi ne. Wanda ya ɓoye mutane a kantin Yahudawa da aka kai wa hari bayan kwana biyu, Lassana Bathily, Musulmi ne ɗan Mali. A cikin mamatan Nice akwai Musulmi da yawa. Duk da haka, bayan kowane hari sai a juyo ga likita da direban bas da mai sayar da nama a ce su fito su barranta, kamar kowane Musulmi yana da lambar wayar ɗan ta'adda. A watannin farko na dokar ta-ɓacin 2015 an kutsa gidaje da masallatai da shaguna sama da 3,000 ba tare da umarnin alƙali ba, kuma kaɗan ne ƙwarai daga ciki suka kai ga shari'ar ta'addanci. Dokar 2021 da aka yi da sunan yaƙi da ɓallewa daga Jamhuriya ta ƙara wa hukuma ikon sa ido a kan masallatai da ƙungiyoyi, bayan an riga an rusa babbar ƙungiyar da ke tattara ƙorafin nuna wa Musulmi ƙiyayya a ƙarshen 2020.

Duk da wannan, wanda ya ce Musulmin Faransa a kurkuku suke bai je ba. Akwai masallatai da ɗakunan salla kimanin 2,600, naman halal har a manyan kantuna, kasuwar Saint-Denis a watan azumi kuwa aka ce sai wanda ya gani. Rachida Dati ta riƙe ma'aikatar shari'a a 2007, Najat Vallaud-Belkacem ta riƙe ta ilimi a 2014, asibitocin ƙasar cike suke da likitoci masu sunayen Arewacin Afirka, auratayya tsakanin al'ummomi kuma ba baƙon abu ba ne. A binciken cibiyar Pew na 2006, kashi 42 na Musulmin Faransa sun ce suna ganin kansu Faransawa ne da farko, alhali a Birtaniya, inda 'yar sanda ke iya sa hijabi a bakin aiki, kashi 7 ne kawai suka ce haka game da ƙasarsu. Wannan adadi ya fi komai bayyana mini lamarin. Makarantar Faransa ta yi nasarar cusa wa waɗannan yara cewa su 'ya'yan Jamhuriya ne daidai da kowa, sun kuwa yarda da zuciya ɗaya, shi ya sa zafin ya fi yawa da suka fito suka tarar akwai 'ya'yan mowa akwai na bora.

Mu ma ba baƙin wannan ciwo ba ne, ko da yake a nan ba a kan ɗankwali yake fitowa ba. Bahaushen Jos da kakansa ya zo haƙar kuza ya san abin da ake nufi da a hana mutum takardar shaidar asali a garin da aka binne iyayensa, mutanen zango a Gana ba su manta korar baƙi ta 1969 ba, kuma wanda aka haifa a Sabon Garin Kano yana jin Hausa kamar jakin Kano zai iya ba da irin wannan labari a kanmu.

Sabon abin da ke faruwa a Faransa shi ne fita. Wasu masana uku sun wallafa bincike a 2024 a kan Musulmin da suka bar ƙasar, bayan sun ji ta bakin mutum sama da 1,000, kuma mafi yawansu masu manyan takardun ilimi ne da suka koma Birtaniya da Kanada da Daular Larabawa da Maroko. Abin dariya da ban tausayi shi ne, da yawa sun ce sai da suka fita waje aka fara kiransu Faransawa ba tare da an ƙara tambayar asalinsu ba. 'Yar Kawu tana da ƙawaye biyu da suka tafi, ɗaya Landan ɗaya Dubai, kuma ta nuna mini hoton ta Landan a ofis da hijabinta, ta daɗe tana kallon hoton kafin ta kashe wayar.

Ranar Juma'a 25 ga Afrilun 2025, wani matashi ɗan Mali mai shekara 22, Aboubakar Cissé, ya je share masallacin ƙaramin garin La Grand-Combe a kudancin Faransa da sassafe, wani ya shigo kamar mai son a koya masa salla, ya daba masa wuƙa sau da yawa yana cikin sujada, ya ɗauki bidiyo yana zagin Allah. Ministan cikin gida na lokacin, Bruno Retailleau, wanda wata ɗaya kafin nan ya tsaya a wani taro ya yi kirarin a kawar da lulluɓi, sai bayan kwana biyu ya je yankin. Na kira Kawu a wannan makon don in ji lafiyarsu. Bai canza maganarsa ba, ya ce Faransa ta yi masa alheri kuma ba zai ci amanar gishirinta ba, amma ya ce shi da sauran dattawan masallacinsu sun daina barin mutum ɗaya ya zauna lazimi bayan asuba, sai an bar wani a bakin ƙofa. Na tambayi 'yarsa ko ita ma za ta bi ƙawayenta. Ta ce wani kamfani a Landan ya kira ta ganawa, ta je ta dawo, sun ba ta aikin, kuma takardar tana cikin jakarta mako uku ke nan ba ta sa hannu ba.